Ba a sayen horon garkuwar jiki a kemis

Tun da maganar "horar da garkuwar jiki" ta fito daga ɗakunan bincike, masu tallar kafso da garin magani suka cafke ta. A Facebook da TikTok sai ka ji ana cewa sha wannan, akwai bakteriya a ciki masu horar da garkuwarka, kai da mura har abada. Abin ɓacin ran shi ne binciken da suke raɓewa da shi na gaske ne, amma bai faɗi haka ba.

Mihai Netea da abokan aikinsa na jami'ar Radboud a ƙasar Holan ne suka raɗa wa abin suna a 2011. Da ana ɗauka garkuwar da aka haifi mutum da ita, wato fararen ƙwayoyin jini irin su monosait da makrofej, ba ta tuna abokin gaba. A 2012 suka yi wa mutane masu lafiya allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, bayan wata 3 suka tarar monosait ɗinsu na fitar da sinadaran kumburi fiye da da, ko da ƙwayar da suka haɗu da ita ba ta tarin fuka ba ce. Monosait kwanaki kaɗan take yi a jini, saboda haka sauyin a ɓargo yake zama, inda ake ƙera sababbi: ana sassauta naɗin DNA, wato kundin umarnin ƙwayar halitta, a wuraren da umarnin kumburi yake, sai ya riƙa buɗuwa da sauri.

BCG bakteriya ce mai rai da aka shafe shekara 13 ana raunana ta, ana kuma sa ta cikin fata da awo. Sauya ƙwayar, ko yawanta, ko hanyar shigarta, sakamako ya juye. Gubar LPS da ke jikin wasu bakteriya, in ta yi yawa, kasala take sa wa monosait, shi ya sa wanda ya tashi daga cutar gubar jini yake saurin kamuwa da wata. Garkuwar da ta cika zafi kuma tana da hannu a toshewar jijiyoyin jini.

Ita kanta BCG ba ko'ina take cin jarrabawa ba. A gwajin BRACE da aka wallafa a 2023, kan ma'aikatan lafiya kusan 4,000 a ƙasashe 5, kashi 14.7 na waɗanda aka yi wa BCG sun kamu da korona, a kan kashi 12.3 na waɗanda ba a yi musu ba. A Denmak an gwada ta kan jarirai sama da 4,000, kwanciya asibiti ba ta ragu ba. Masu cewa wannan ya rushe batun gaba ɗaya su ma sun yi gaggawa, domin a Gini-Bisau, inda cututtuka ke kashe jarirai, gwaje-gwajen cibiyar Bandim kan jarirai marasa nauyi sun nuna mutuwar watan farko ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka yi allurar da wuri.

Wannan ne ya shafe mu, kuma nan muke sakaci. Jariri na buƙatar mililita 0.05 cikin fatar damtsen hagu, ranar haihuwa. In allurar ta zarce ƙarƙashin fata sai ƙurji ya fito, kuma ba a yi wa jaririn da aka san garkuwarsa ta lalace, don ƙwayar na iya bazuwa a jikinsa. Kwalba ɗaya ta jarirai 20 ce, in an haɗa ta da ruwanta awa 6 kawai take yi. Don gudun asara, asibitoci da yawa sun ware mata rana ɗaya a mako, sai a ce wa mai jego ta dawo. Wata ba ta dawowa sai bayan arba'in, alhali makonnin farkon nan ne amfanin ya fi yawa. Hukumomin lafiya su ba ma'aikaci izini a rubuce ya buɗe kwalba ko don jariri ɗaya ne, su daina tuhumarsa kan ragowar da ya zubar.