Masu son sayen gidan gwanjon banki, ga abin da idona ya gani

Kwana biyun nan a majalisarmu ta unguwar Tunfure a Gombe babu hirar da ake yi sai ta gidajen da banki ya ƙwace. Wai arha ce ke yawo a gari, ka saya, ka shafa fenti, ka zuba 'yan haya, ka miƙe ƙafa. Tunda na taɓa raka Yayana irin wannan ciniki, bari in faɗi nawa a fili, kowa ya ji lokaci guda.

Yawancin masu wannan zance a YouTube suka tsinto shi, daga bakin Amurkawa. A can kuwa gaskiya ne. Bayan rugujewar harkar bashin gidaje a 2008 miliyoyin mutane sun rasa muhallinsu, daga 2012 kamfanin Blackstone ya kwashi dubun dubatar gidajen ya sa haya. Amma su akasari da bashin banki suke sayen gida tun farko. Mu a Gombe bulo-bulo muke ginawa, bana a yi linta, baɗi a buga kwano. Wanda ke kai takardar gidansa banki yawanci ɗan kasuwa ne da ya ci bashi don sayen hatsi ko taki, ko ɗan kwangilar da kuɗinsa suka maƙale. Gidan da ya jinginar kuma shi ne wanda iyalinsa ke kwana a ciki.

Ranar da muka je ganin na Yaya, bayan ya riga ya biya, yaro muka aika ya yi mana sallama. Wata dattijuwa ta leƙo zaure, hannunta duk garin tuwo. Da dillali ya yi mata bayani sai ta ce, "Malam, wane banki? Nan gidan mahaifinsu ne, su bakwai ne magada." Ashe babban ɗan ne ya mayar da takardar sunansa ya kai jingina, ko uwarsa ba ta sani ba. Akuya biyu na ɗaure a gindin darbejiya, ga kayan makarantar yara a kan igiya. Yaya ya gyara hularsa ya ce, "Baba, ki yi haƙuri, ma dawo." Har muka isa mota bai ƙara cewa uffan ba.

Sati bai cika ba ƙannen suka shigar da ƙara, kotu ta ce kowa ya tsaya inda yake. Sama da shekara biyu kuɗin Yaya na kwance, lauya na karɓar nasa duk zama, a zauna ko a ɗage. Da aka sasanta daga baya, gidan da ya karɓa babu ƙofofin ciki, an zare wayoyin wuta, sokawe ta rufta, ga tsohon bashin wuta jibge a kan mita.

Abin da ban sani ba sai lokacin: ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, ƙasar jiha a hannun gwamna take, kuma sashe na 22 ya ce ba a jingina ko sayar da fili mai takardar shaidar mallaka, wato C of O, sai da amincewarsa. Ba wasa ba ne. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jingina ɗungurungum saboda babu wannan amincewa. In jinginar ta rushe, me bankin ya sayar maka? Shi ya sa kafin ka cire ko sisi, ka sa lauyanka, ba na dillali ba, ya je GOGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Gombe, ya binciki fayil ɗin. Sannan ka je wurin mai unguwa da ƙafarka. Abin da zai gaya maka cikin minti goma babu shi a kowane fayil.

Akwai gwanjo na gaskiya, ban musa ba. AMCON, hukumar ƙwato bashin bankuna da aka kafa a 2010, tana sayar da kadarorin masu taurin bashi, NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya a banki, ita ma na sayar da na bankunan da aka rufe, kamar Heritage da aka soke lasisinsa a Yunin 2024. Sai dai dillalin da ya ce maka yana da hanya a ciki, ka kawo kafin alƙalami a asusunsa, ka riƙe aljihunka.

Mu zo kan lissafin hayar ma. A ce ka saya miliyan 18, gyara ya ci 4, kana karɓar dubu 900 a shekara. Shekara 24 ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo, in ɗan haya bai taɓa cewa albashi bai shigo ba. A ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 a 2024. Ribar gaske a tashin darajar filin take, kuma wannan ko kango ka saya za ka samu, ba tare da ka fitar da kowa ba. Ga kuma zaizayar ƙasa: wani gidan kwari ne ke matso shi duk damina, shi ya sa masu kuɗin unguwar suka kau da kai.

Batun halacci na bar wa malamai, ba fagena ba ne. Na dai san jingina tana cikin Alƙur'ani, a Baƙara aya ta 283, kuma aya ta 280 ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Ni in da zan saya, wurin mai gidan zan je tun ba a buga ƙararrawa ba. A zauna da shi, da matansa sun sani, da magada in akwai, in biya banki bashinsa kai tsaye in karɓi takarda, ragowar ya kama ƙaramin wuri a bayan gari. Zai fi gwanjo tsada, na sani.

Gidan Yaya yanzu wani malamin jami'a ne a ciki, shi ma sai da aka rage masa kuɗi, don mutum biyu sun fasa da suka ji tarihinsa. Har yau in ka hau Keke Napep ka ce a kai ka gidan Yaya, ba wanda zai gane. Sai ka ce gidan da aka fitar da su Baba.