Tsakanin rumbu da gadon asibiti

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin da ake kwantar da yara masu tamowa a watan Agusta ya ga yadda ma'aikaciyar jinya ke naɗe ɗan siririn ma'auni mai launi uku a damtsen yaro, ta ja shi a hankali har ya tsaya a kan ja. Idan ya tsaya a nan, kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, wato tamowar ta yi tsanani kuma ran yaron na cikin haɗari. Uwar tana zaune a bakin gado, in kuma aka tambaye ta sana'ar maigida, sau da yawa amsarta ita ce manomi ne. Wannan amsa ce ta fi damuna, domin tana nuna cewa yunwar da ke kwantar da yaranmu ta fi kama gidajen da ke noma abincin.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, amma a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57, a yankin da ke cika kasuwar Dawanau da gero da dawa da masara da wake. Tsumburewa kuwa ba ta tsaya ga gajarta ba. Yaron da ya rasa abinci mai gina jiki a kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikarsa shekara biyu, ƙwaƙwalwarsa ma tana tauyewa, kuma da wuya a rama wannan asara daga baya.

Sai mutum ya bi shekarar ƙaramin manomi wata bayan wata kafin ya gane inda gizo ke saƙar. Da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, dole ta sa shi sayarwa, saboda ga bashin taki, ga kuɗin makaranta, ga hidimar biki. Kafin Yuli rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma kasuwa yana awon tiya-tiya na abin da ya sayar buhu-buhu, a farashin da ya fi na kaka nesa ba kusa ba. A daidai wannan lokaci ne sauro ke yawaita, ruwan sha ke gurɓata, gudawa da amai ke yaɗuwa. Yaron da aka yaye da tsinkakken kunu, babu gyaɗa babu wake, ba shi da ƙarfin da zai tari zazzaɓin cizon sauro. Zazzaɓin ya hana shi cin ɗan abin da ke akwai, ya ƙara ramewa, wata cutar ta sake samun ƙofa. A Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda 'yan bindiga ke hana noma ko su ɗora wa ƙauyuka haraji kafin girbi, rumbun tun farko ba ya cika.

Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a watan Yulin shekarar, amma zuwa Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Abin da aka fi gani a ƙasa shi ne rabon shinkafa da taki. Ba na raina buhun da ya shiga gidan da ba a ɗora tukunya ba, sai dai rabo ba ya taɓa tushen matsalar, wato watannin da ke tsakanin girbi da damina.

Ajiya ita ce wurin da noma da lafiya suka fi haɗuwa, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ɗan kasuwar da ke tsoron ƙwari su cinye masa wake yakan zuba masa fiya-fiya, gubar da aka yi don kashe ƙwari, waken nan kuma shi ne ƙosan safe da alalen yara. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan wannan guba a cikinsa, mu kuwa muka ci gaba da ci. Haka masara da gyaɗar da aka tara ba su gama bushewa ba suke yin fumfuna mai ɗauke da gubar aflatoksin, wadda ke jawo ciwon dajin hanta. Magani kuma akwai shi. Buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da ɗigon magani ba, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan kuma ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage gubar aflatoksin tun kafin girbi. Matsalar ita ce ba su isa hannun yawancin masu buƙata ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wata dabara da ta cancanci koyi: manoma su haɗa hatsinsu a sito ɗaya da kaka, su karɓi rance a kansa, sannan su fanshe shi idan farashi ya tashi, su ci ko su sayar da riba.

Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, a Maputo kuma a 2003 kashi 10 ga noma, gwamnatin tarayya ba ta cika ko ɗaya ba, ga shi 2030, shekarar da duniya ta sa don kawar da yunwa, ta ƙarato. Gwamnonin Arewa ba sai sun jira Abuja ba. Kafin kaka mai zuwa kowace jiha za ta iya zaɓar ƙananan hukumomin da asibitocinsu suka fi karɓar yara masu tamowa, ta fara gina sito na jingina a can, ta sauke farashin buhun PICS, sannan ta ɗora wa kwamishinan noma da na lafiya alhakin kawo rahoto guda kan yawan damtsen da ya tsaya a kan ja a watan Agusta.