Tambayar da aka yi min a Torino kan masallacin Zariya

Salamu alaikum jama'a, musamman mutanen Zazzau. Akwai abin da ya tsaya min a maƙoshi tun da aka tashi daga wani taro a nan Torino, na yi ta ƙoƙarin haɗiye shi ya ƙi wucewa, shi ya sa na ce bari in kawo shi nan ku taya ni dubawa.

Daga 11 zuwa 15 ga Satumba 2023 jami'ar Politecnico da ke garin nan ta karɓi baƙuncin wani taro da ake kira Forum Acusticum. Taron masana ilimin sauti ne, ƙungiyarsu ta Turai ce ke shirya shi amma daga ko'ina a duniya ake zuwa. Ni karatun injuna ne ya kawo ni Italiya, to amma inji da ƙara ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, shi ya sa na samu na shiga. Wallahi ban taɓa zaton akwai mutane masu yawa haka da suka ba da rayuwarsu kacokan ga abin da kunne ke ji ba. Kowa da katin suna rataye a wuya, ɗakunan lacca da yawa suna gudana lokaci guda, kowane mai magana an ba shi ƴan mintuna, yana wuce lokaci shugaban zama zai miƙe tsaye ko da kuwa farfesa ne mai furfura. Wannan yana bayani kan ƙarar tayar mota a kan kwalta, wancan kan yadda rugugin jiragen ruwa ke rikita manyan dabbobin teku, wata kan yadda yaran firamare ke kasa jin malami idan aji ya cika amsa-kuwwa, wani kuma a kan katakon gogen Turawa ya ƙare shekarunsa. In an fita hutu sai a tsaya a tsaye ana shan kofi a wani ɗan kofi da bai wuce kurɓi biyu ba, ana musayar kati, ga ƴan kamfani sun baje kaya a farfajiya, akwai wata lasifika mai fuska 12 da take watsa sauti ta kowace kusurwa, akwai kan mutum-mutumi da aka dasa wa makirufo a cikin ramin kunnuwa don ya ɗauki sauti yadda ɗan Adam ke jinsa.

A wajen da ake manna bincike a jikin alluna ne na haɗu da wani dattijo da aikinsa shi ne auna amon wuraren ibada. Yana da taswira da ɗige-ɗige, kowane ɗigo gini ne da suka shiga suka auna. Ya miƙo min abin saurare na sa a kunne, ya kunna muryar wani mutum da aka ɗauka a ɗakin da ba ya maido da sauti ko kaɗan, murya a bushe, sai ya danna kwamfuta, muryar nan dai ta koma kamar a cikin wani tsohon coci ake yin ta, ya sake dannawa ta koma cikin wani babban masallaci na Istanbul, tana tashi tana yawo a ƙarƙashin ƙubba kafin ta sauko. Tsikar jikina ta tashi. Cikin zumuɗi na ce masa ai mu ma a garinmu muna da masallaci na ƙasa wanda ya haura shekara 170, na zaro waya na nuna masa hoton cikin Masallacin Juma'a na Zariya. Mutumin nan ya cire tabarau, ya buɗa hoton da yatsu, ya daɗe yana bin bakan gizon nan da ke ɗauke da rufin masallacin da kallo, sannan ya ɗago ya ce min, daƙiƙa nawa sauti ke yi a ciki kafin ya mutu? Kana da awon? In kana da shi turo min in sa a taswira.

Babu raini a muryarsa ko ɗis, da gaske yake son ya sani, kuma wannan ne ya fi yi min ciwo. Da raina mu ya yi da na san amsar da zan ba shi. Ni labari nake da shi, shi kuma lamba yake nema, taswirarsa kuwa daga Sahara zuwa ƙasa fayau take.

Bari in ɗan yi bayanin abin da yake nufi, don ba wani tsafi ba ne. Idan ka tafa hannu a cikin ɗaki, sautin yana bugun bango ya dawo, ya bugi rufi ya dawo, yana raguwa har ya ɓace. Tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ƙarfinsa ya ragu da desibel 60 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) shi suke aunawa. Wani malamin kimiyya a Harvard mai suna Wallace Sabine ne ya faro abin a 1895, lokacin da aka ce ya gyara wani ɗakin lacca da ba a gane maganar malami a cikinsa. Ya riƙa ɗebo matasan kujeru daga wani zaure cikin dare yana shimfiɗawa, yana busa sauti yana duba agogo, har ya gano lissafin da ke tsakanin girman ɗaki da yawan abin da ke shanye sauti a ciki, da lissafin nan aka gina babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Yau a wasu wuraren balan-balan kawai ake fasawa a ɗauka da rakoda, haka masu bincike daga jami'ar Stanford suka yi a Hagia Sophia, tsohon ginin ibada na Istanbul, inda sauti ke wuce daƙiƙa 10 yana yawo. Kuma ku duba amfanin abin: cocin Notre-Dame na Paris ya kama da wuta ranar 15 ga Afrilu 2019, amma da yake wasu masana a Faransa sun auna amonsa a 2015, suna da muryar ginin a ajiye, sun san yadda yake kafin gobara.

To ni abin da nake cewa, kuma ba zan janye ba, maginanmu na da sun san sauti. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin nan a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, ya gina shi ne a lokacin da babu lantarki balle lasifika, muryar liman ita kaɗai ce za ta kai ga jama'a. Mutumin da ya ɗaure azara ya tayar da waɗannan tulluwa da tubali da laka ba zai rasa kunnen da zai san yadda murya ke tafiya a ƙarƙashinsu ba. Duk wanda ya taso a cikin birni ya san abin da nake faɗa, ka fito daga hayaniyar titi ka sa ƙafa a soron ƙasa sai ka ji kamar an rufe wa duniya baki, ka yi sallama a hankali na can ƙurya ya amsa maka, dattawa su zauna a zaure suna magana ƙasa-ƙasa kowa yana jin kowa. Kaurin bangon yana tare ƙarar waje, yaɓen kuma ba shi da santsin da zai wurgo maka muryarka a fuska. Waɗannan Turawan ba su fi kakanninmu kunne ba, rubutawa da ajiyewa suka fi mu, kuma a duniyar yau wanda ya rubuta shi ake saurara.

Mu kuwa me muka yi da gadon? Ku shiga sabbin masallatanmu na unguwa, daga Tudun Wada har Samaru. Bulo da siminti, tayil tun daga ƙasa har rabin bango, sama kwano, wani wurin ko silin babu, duk abubuwan da ke maido da sauti an tara su wuri guda, sannan da aka ga ba a jin liman sai a ce lasifika ce ta yi kaɗan a ƙaro biyu, a ƙure amplifaya. Alhali ƙarin ne ke ɓata abin. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, idan wanda ya fito daga lasifika ta nesa ya yi zagayen da ya zarce na kusa da kamar mita 17, kunne yana jinsu ne daban-daban, kalma ta hau kan kalma. Sau nawa ka fito daga Juma'a aka tambaye ka me aka yi huɗuba a kai ka ce wallahi ƙara dai na ji? In kuma ruwan sama ya sauko a kan kwanon nan to shi kenan, a makarantu ma haka malami zai tsaya da alli a hannu yana jiran ruwa ya tsagaita. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi hayaniyar cikin aji kada ta wuce desibel 35, ni dai na san ajin da na zauna da taga tana kallon titi.

Ba a ma maganar janareta a bakin kowane shago a Sabon Gari, da masu walda, da yaron da ake bari a gindin injin markaɗe tun safe har la'asar ba ko auduga a kunne, da DJ na biki da ake jinsa daga unguwa uku. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8, duk ƙarin 3 kuma lokacin ya ragu da rabi, wato a desibel 100 minti 15 ne kawai. Kunnen da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Muna da doka fa, tun 2009 aka fitar da ƙa'idojin hayaniya a ƙarƙashin NESREA, hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli ta Najeriya, amma a tsakaninmu wanda ya ce a rage ƙara shi ne mai girman kai, in lasifikar masallaci ce kuwa sai a fara duba imaninsa. Dattawanmu suna kurumcewa muna cewa tsufa ne.

Kada wani ya ce na zo Turai na ruɗe. Shirun nan nasu ma yana da nasa ciwon, gidajen haya a nan suna da lokutan da aka rubuta ba a hayaniya, ka ɗaga murya a waya da dare kana gaisawa da gida maƙwabci ya buga maka bango. Kana tafiya a ƙarƙashin dogayen barandun nan na tsakiyar gari babu abin da kake ji sai takun takalmi da ƙarar taragon lantarki, ba mai talla, ba almajiri, ba wanda zai ƙwala maka kira daga tsallaken titi. Sai na je kasuwar Porta Palazzo nake jin na shiga cikin mutane. Kiran sallah a waya nake jinsa, sallar ma a wani ɗaki muke yi da a da shago ne. Akwai asubar da zan ba da komai in ji ladanan birni suna amsa wa juna, in ji kakaki da tambari ranar hawan Sallah a ƙofar fada. Amma kewar da nake yi ta waɗannan ce, ban taɓa kewar janareta ba, kuma duk yadda na juya maganar, mutanen da suka ɗauki kunnen yaro a aji da muhimmanci har suka tara masana a kai sun fi mu gaskiya a wannan.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne aikin ba ya bukatar a jira kowa daga waje. Zariya ce fa, garin da ABU take tun 1962, ga masu karatun zanen gini ga na kimiyya ga injiniyoyi. Ɗalibi ɗaya mai himma da rakoda mai kyau da kwamfuta da ledar balan-balan, in ya nemi izinin fada da na limamai, zai iya auna duk abin da ya rage na tsohon masallacin nan, wanda wani ɓangarensa ya rufta a Agustan 2023, ya bi zaurukan da suka rage a cikin ganuwa ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta ya kawo irin wannan taro ya tsaya gaban allo shi ma. Ina roƙon duk malamin da wannan rubutu ya isa gare shi ya ba wani yaro wannan aiki, ni kuma a shirye nake in haɗa shi da mutanen da na samu katinsu. Sauri ake bukata, don kowace damina sai ta ci soro, wanda damina ta bari kuma mu da kanmu muke rushewa mu dasa shaguna.

Wannan ne ya kawo ni kan namu. Na san Yaya zai ga rubutun nan, ko a nuna masa. An gaya min maganar da ake yi ta sauke zauren gidanmu bayan damina a fitar da shago biyu na bulo, kuma na san dalilin, yaɓe duk shekara ba wasa ba ne, magina na ƙasa sun yi wuya, ku ne kuke gida kuke ɗauke da nauyin ba ni ba. Amma Yaya, don girman Allah a dakata. A zauren nan Baba, Allah ya jiƙansa, ya biya mana karatu, yana zaune a kan buzu bai taɓa ɗaga murya ba kuma babu wanda ya taɓa cewa bai ji ba. Idan an yi shawara an ga dole sai an sauke, to a bari in zo da kayan awo tukuna, ko in turo wanda zai yi. In kuwa kuɗin gyara ne matsalar, a nemo magini ya duba azarar ya faɗi abin da zai ci har da makuba, na bana da na baɗi ni zan turo.