Yadda ƙ ta hana ni cin abincin rana

Ogana a shagon buga takardu ya miƙo min filashi, wai wani marubuci ne ya kawo littafi ya rubuta duk k' da d' da b' da alamar waƙafi a sama, ana so a mayar da su ƙ da ɗ da ɓ kafin la'asar. Ni kuma da yake bakina ya fi hannuna sauri nace oga ai wannan aikin awk ne, minti biyar. Awk ɗin nan wani ƙaramin yaren kwamfuta ne na sarrafa rubutu. Kuma ba kowane awk ba, na asali, wanda Aho da Weinberger da Kernighan suka rubuta a Bell Labs a 1977, sunan ma harafin farko na sunayensu ne. Oga ya kalle ni yace ko ma waye ubansa, ni dai la'asar na sani.

Ina da tsohon sos ɗinsa, wato ɗanyen rubutun furogiram ɗin da sai an haɗa shi kafin ya yi aiki, a laftof ɗina mai tsarin Ubuntu, ɗan dangin Unix, na buga make, umarnin da ke haɗa shi, abu ya ce bison: command not found. Wai sai da bison za a fassara nahawun awk ɗin zuwa yaren C, to na je saukar da shi data ta ƙare, na roƙi hotspot wajen mai sayar da caja a bakin shago, ya ba ni amma yana tsaye a kaina kamar mai bin bashi. Ya haɗu dai lafiya lau da gcc, kwamfailar da ke mayar da rubutun C furogiram mai aiki, sai aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗina kuwa tun bara ya riga mu gidan gaskiya.

Na koma kwamfutar oga mai Windows, ita tana kan inbata. Kwamfailar da ke kanta ta buɗe baki ta ce ba ta san wani unistd.h ba, kuma da gaskiyarta, fayil ne na gidan Unix, ita ba 'yar gidan ba ce. Abokina da ke da Mac yace turo min na haɗa maka nan, na kwafe makefile ɗin, fayil ɗin umarnin da make ke bi, na liƙa masa a WhatsApp, a hanya duk tab ɗin farkon layi suka koma sarari, make ya ce missing separator. Wallahi duk wanda ya yanke cewa sai tab ko ba komai, Allah ya isa ban ce ba amma na kusa. Muka gyara, ya buga gcc --version don ya yi min burga, abin ya amsa da cewa shi clang ne, wata kwamfaila daban, ashe sunan gcc kawai ya ara yana yawo da shi.

Ƙarfe uku wuta ta dawo, na koma Ubuntu ina murna. Nace bari in gwada shi da ƙirga tsawon kalma, length("ƙasa"), ya ce 5. Biyar fa! Na ƙirga da yatsa, huɗu. Ashe a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke adana haruffa da shi, harafin ƙ gurbi biyu yake ci, wato bayit biyu, tsohon awk ɗin nan kuma bayit yake ƙirgawa ba harafi ba, sai a 2023 aka koya masa UTF-8, nawa ya girmi wannan. Da na sa substr ya yanko min farkon layuka sai ya raba ƙ gida biyu, allo ya cika da alamar tambaya cikin baƙin lu'ulu'u, sunan jarumar littafin ma ya koma abin da ba ya karantuwa.

Ina shirin sake neman mai caja don saukar da sabon awk, sai Anti mai taifin ta leƙo tana goge man awara a hannunta tace Malam ka gama haɗa injin naka? Ta ce ita tun azahar ta yi Find and Replace sau shida a Word, uku na ƙananan haruffa uku na manya, oga har ya tura wa mai littafin. Ta kuma ce in tashi daga kan kujerarta.