Layi ɗaya ne fa bai rubuta ba

Jiya a unguwar Yantala ta Yamai na zauna haɗa wata laburaren sarrafa hotuna (tarin kod da manhajoji ke amfani da shi) daga tushen kod ɗinta a Ubuntu, tsarin da kwamfuta na ke aiki da shi. Mai ita ya rubuta cewa umarni biyu kawai za a ba kwamfuta: cmake, sannan make, shi ke nan. Kwamfuta na ta huci cikin zafin Afrilu, fankarta na kuka kamar injin niƙa. Bayan minti 40, sai jan rubutu na kuskure: ba a ga fayil ɗin zlib.h ba.

Haba malam! Ashe zlib1g-dev ake buƙata, ƙunshin da ke ɗauke da fayilolin .h na zlib (laburaren matse bayanai), domin zlib ɗin da ke kan na'ura bai ishi gcc, manhajar da ke haɗa kod ɗin, ba. Me ya hana ka faɗa tun farko? Na sauke shi da ɗan kiredin da ya rage mini, na sake kunna make, sai aka ɗauke wuta.