Je Ka Ɗauko Takalminka Mu Tafi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyaye maza da mata, da yayye, da kakanni.

Akwai laifin da ake yi a gidajenmu safe da yamma, a gaban kowa, ba mai jin nauyinsa, sau da yawa ma dariya ce ke biyo bayansa. Maigida zai fita, yaro ɗan shekara uku ya cukuikuye masa riga, shi ala dole sai ya bi shi. Sai a ce masa, "To, maza je ka ɗauko takalminka mu tafi." Yaro ya ruga ɗaki da murna. Kafin ya fito, uba ya tura babur waje ya tayar. Yaro ya fito da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, ya tarar ba kowa a zaure. Mutanen gida su ce an yi masa wayo. A littafin da mala'iku ke rubutawa kuwa, ƙarya aka yi masa, kuma da sunanta ake shigar da ita.

Ba ni na faɗa ba. Abu Dawuda ya ruwaito daga sahabi Abdullahi ɗan Amir, Allah Ya yarda da shi, cewa wata rana yana ƙaramin yaro mahaifiyarsa ta kira shi, Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam yana zaune a gidansu. Ta ce, "Zo in ba ka wani abu." Sai Manzon Allah ya tambaye ta, "Me kika yi niyyar ba shi?" Ta ce dabino. Ya ce mata, "Da ba ki ba shi komai ba, da an rubuta miki ƙarya." Ku duba fa, matar nan tana da abin da za ta bayar, ba yaudara ta shirya ba. Duk da haka shugaban halitta bai bar maganar ta wuce ba sai da ya tambaya, saboda ya san yadda bakin manya ke sakewa idan da yaro suke magana. Imamu Ahmad ma ya kawo daga Abu Huraira cewa wanda ya ce wa yaro "zo ka karɓa" sannan bai ba shi ba, to ƙarya ce.

Yanzu kowa ya ƙirga nasa. Tsarabar da ake alkawari duk tafiya, a dawo hannu biyu. Keken da aka ce za a saya in an haddace izu biyu, yaro ya yi ta bita har muryarsa ta dishe, ya kai, aka ce sai an yi albashi, albashi ya zo ya wuce har sau nawa. Littafin labarai da yarinya ta gani a hannun ƙawarta ta roƙa, aka ce "gobe", goben da har ta gama firamare ba ta waye ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na kuɗin barka da sallah. Yara sun sha rana suna zaga dangi, gidan gwaggo, gidan kawu, gidan kaka, sun dawo da 'yan canjinsu suna ƙirgawa suna sake ƙirgawa. Uwa ta ce, "Kawo in ajiye maka kada ya ɓace." Shi ke nan, an yi cefane da shi. In yaro ya tambaya bayan sati biyu, a hau shi da faɗa: "Abincin da kake ci da kuɗin wa ake saye?" Haka tunkiyar da kaka ta ba jikanta ranar suna, ta haihu, ta sake haihuwa, kullum ana nuna masa ana cewa "ga tumakinka can", ranar da buƙata ta taso a kai su kasuwa ba tare da an ko gaya masa ba. Na san za a kawo mini hadisin "kai da dukiyarka na mahaifinka ne". Hadisin yana nan, Ibnu Majah ya kawo shi, kuma ba mai hana uba mabuƙaci taɓa abin ɗansa. Amma ina aka ce ka kira shi ajiya alhali ka san ci za ka yi? Ajiya amana ce. In buƙata ce ta kama, a faɗa masa: "Babu cefane yau, zan yi amfani da kuɗinka, in Allah Ya hore zan mayar." Yaron da aka gaya wa haka har alfahari yake yi cewa shi ya ciyar da gida. Idan kuwa maraya ne ake riƙo, to a ji tsoron Allah sau biyu, don aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zuba wa cikinsu, kuma ayar ba ta ware 'yan canjin sallah ba.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce yaro ne, bai san komai ba, anjima zai manta. Wataƙila ya manta da ranar da abin ya faru, amma darasin ba ya barinsa. Wasu masu bincike a Jami'ar Rochester da ke Amurka sun gwada wannan, aka wallafa sakamakon a 2013. Sun ɗauki yara 28, 'yan shekara 3 zuwa 5, suka ba kowanne tsofaffin fensiran zane, suka ce ya ɗan jira za a kawo masa sababbi masu kyau. Rabin yaran aka cika musu alkawari, rabin kuma aka dawo aka ce a yi haƙuri, ashe babu. Bayan haka aka ajiye wa kowane yaro alewa guda a gabansa, aka ce in ya daure bai ci ba har a dawo, za a ƙara masa ta biyu. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12. Waɗanda aka saɓa wa, kimanin minti 3 suka yi suka cinye abarsu. Daga cikin 14 da aka saɓa wa, ɗaya tak ya jira har ƙarshen minti 15 da aka ɗiba, a ɗaya ɓangaren kuwa 9 ne suka kai. Baƙo ne fa ya saɓa musu, a zama ɗaya. To ina ga uwa da uba, shekara da shekaru? Mu ne kuma za mu dawo muna ƙorafi cewa yaran yanzu ba su da haƙuri, ba sa iya jiran komai. Wanda ya saba jin "gobe" ba ta zuwa, hankali ne ya sa yake cafke ta yau.

Ga kuma ƙaryar tsoratarwa: dodo na bayan ƙofa, za a kira ɗan sanda, za a kai ka a yi maka allura. Ranar da zazzaɓi ya kama shi da gaske, sai mutum uku sun danne shi a asibiti, saboda mu muka mayar masa da mai magani abin tsoro. Sannan a ce masa "ba zafi", allura ta shiga da zafinta. Da an ce "akwai zafi kaɗan, yanzu zai wuce, riƙe hannuna", da an tsira da gaskiya, shi ma ya koyi dauriya.

Duk waɗannan ƙarya ce da ake yi wa yaro. Akwai wadda ta fi su muni, wato wadda ake sa shi ya yi da bakinsa. Mai bin bashi ya yi sallama, uba na kishingiɗe a ɗaki, ya ce, "Je ka ce ba na nan." An aiki yaro da ƙarya kamar yadda ake aikensa sayen gishiri, in ya yi ta da kyau a yaba masa, in ya je ya ce "wai ya ce ba ya nan" ya sha ranƙwashi. Wayar hannu kuma ta ƙara buɗe ƙofar. Mutum na kwance a kan katifa, yara na kewaye da shi, yana cewa, "Wallahi ina hanya, cunkoso ne ya tare ni." Har da rantsuwa. Yaron nan jiya a Islamiyya aka karantar da shi hadisin Bukhari da Muslim cewa alamomin munafuki uku ne: in ya yi magana ya yi ƙarya, in ya yi alkawari ya saɓa, in aka ba shi amana ya ci. Malam ya ce ya haddace, ya haddace. Ya dawo gida ya ga ukun duka kafin sallar isha'i. Wanne kuke jin zai ɗauka, na allo ko na gida? Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai babbar cikinsu a wurina: "Faɗa mini gaskiya, ba zan dake ka ba." Yaro ya auna, ya yarda da maganar mahaifinsa, ya ce shi ya fasa. Kafin ya rufe baki bulala ta sauka. A ranar an koya masa cewa gaskiya tarko ce, kuma ƙaninsa da ke leƙe daga bayan labule shi ma ya koya. Ba cewa nake yi duk wanda ya faɗi gaskiya an yafe masa horo ba. Ka'abu ɗan Malik bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan hijira. Da aka dawo, mutum tamanin da 'yan kai suka zo suna kawo uzurori suna rantsuwa, aka karɓi zahirinsu. Shi kuwa ya zauna gaban Manzon Allah ya ce ba shi da wani uzuri, bai taɓa samun ƙarfi da wadata kamar lokacin ba. Manzon Allah ya ce, "Amma wannan ya faɗi gaskiya," ya ce ya tashi har Allah Ya yi hukunci a kansa. Kwana hamsin aka ƙaurace masa, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, kafin karɓar tubarsu ta sauka a Suratut Tauba, aya ta 118, ta 119 kuma ta biyo da umarnin a kasance tare da masu gaskiya. An hore shi, horo mai tsanani ma. Sai dai ba a yaudare shi da alkawarin afuwa don a ciro magana daga bakinsa ba, kuma an shaida masa gaskiyarsa a gaban jama'a tun kafin horon. In ka san laifin ya kai a hukunta, kada ka ce ba za ka hukunta ba. In kuwa ka riga ka faɗa, to hannunka ya ɗaure, sai ka nemi wata hanyar gyara.

Wani zai ce ai wasa ne. Manzon Allah ya yi wasa da yara fiye da mu. Yakan tsokani ƙanin Anas, Abu Umair, yana tambayarsa labarin ɗan tsuntsunsa. Wani mutum ya roƙe shi abin hawa, ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa, mutumin ya ce me zan yi da ɗan taguwa, ya ce masa akwai raƙumin da ba taguwa ta haife shi ba? An yi raha, ba a yi ƙarya ba. Kuma ya lamunce gida a tsakiyar Aljanna ga wanda ya bar ƙarya ko da wasa yake yi. Rangwamen da ya zo a Sahihu Muslim ta hanyar Ummu Kulsum 'yar Uƙba wuri uku ya ambata: yaƙi, sulhunta mutane, da zancen miji da mata. Rarrashin yaro ba ya ciki.

Tatsuniya fa, da littattafan labarai da muke so yara su saba da karantawa? Wannan daban. Yaro ya san an shiga wata duniya tun daga "ga ta nan, ga ta nanku", shi da kansa yake amsawa "ta zo mu ji ta". Kakanninmu ma ba su tashi daga tabarma sai sun rufe da "ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Tsofaffin nan da ba su shiga aji ba sun shata wa yaro iyaka tsakanin labari da gaskiya. Mai tatsuniya bai ce wa kowa ya je ya ɗauko takalmi ba.

Abin da ke jefa mu cikin wannan duka, in an bi diddigi, gudun kukan yaro ne. Muna sayen shirun minti biyar da amincin da za mu nema ruwa a jallo ranar da ya kai shekara goma sha biyar, lokacin da za mu so ya gaya mana inda ya je da wanda yake hira da shi a waya. Kuka ba ya kisa. Ka durƙusa daidai tsayinsa ka ce, "Yau ba zan tafi da kai ba, wurin aiki za ni, in na dawo za mu je masallaci tare." Zai yi kuka, ka tafi yana yi. In ka dawo ka kai shi masallacin, ko ka gaji. Bayan 'yan kwanaki za ka ga kukan ya ragu, don ya gane maganarka tana da nauyi. Abin da ba ka da tabbacin iyawa kuma kada ka ɗora wa kanka. "Ba ni da halinsa yanzu" magana ce cikakkiya, ba ta rage wa uba daraja. Allah Ya ce a Suratus Saffi, "Ya ku waɗanda suka yi imani, don me kuke faɗin abin da ba ku aikatawa?" Bai ce sai in da babba kuke magana ba.

A kula da "in sha Allahu" ma. Suratul Kahfi ta umarce mu da faɗinta a kan abin da muka yi niyyar yi gobe. A gidaje da yawa yara sun riga sun fassara ta da "a'a", har za ka ji yaro na cewa, "Baba, ban da in sha Allahu, ka ce za ka saya." Sunan Allah muka mayar mafakar saɓa alkawari, har yaro yana gudun jin sa. Wanda bai yi niyya ba, ya ce bai yi ba, ya bar sunan Allah inda ya dace da shi.

Idan kuma ka yi alkawari da niyyar cikawa sai hali ya gagara, wannan ba ƙarya ba ce, amma kada ka yi shiru kana fatan ya manta. Kai za ka fara tayar da maganar: ka kira shi, ka ce kana sane, ga abin da ya hana, ga lokacin da kake sa rai. Tsofaffin basussukan ma a duba su. Keken izu biyu, in mai shi yanzu ya girmi keke, a tambaye shi abin da yake so a madadinsa, ko a nemi ya yafe da baki, ba a ɗauka ya yafe ba. Tumakin da aka sayar a yi lissafinsu, a biya ko da kaɗan-kaɗan ne, a kuma gaya masa cewa biyan bashinsa ake yi, ba kyauta ake ba shi ba.