Kafin Ku Biya Kuɗin Satifiket ɗin Agile, Ku Tsaya Ku Duba

'Yan'uwana matasa masu son shiga aikin tafiyar da ayyuka, musamman na manhajar kwamfuta, ina ganin yadda ake rububin satifiket kamar shi ne aikin. Abin yana damuna. Wani zai tara takardu uku, a tambaye shi me zai yi idan tawaga ta kasa gama abin da ta ɗauka a zango ɗaya (gajeren wa'adin da tawaga ke ɗibar wa kanta don gama wani ɓangaren aiki), sai ya yi shiru.

Ku fara da tushe. A shekarar 2001 mutum 17 suka haɗu a Snowbird da ke jihar Yuta ta Amurka, suka rubuta ƙa'idojin Agile, wato salon yin aiki kaɗan-kaɗan ana gyara bisa abin da aka gani. Scrum, ɗaya daga cikin tsare-tsaren aiki da Agile, wanda yawancin jarrabawar nan take a kansa, Ken Schwaber da Jeff Sutherland ne suka rubuta jagorarsa, kuma akwai bugun 2020 kyauta a intanet. Shafuka kaɗan ne. Wanda bai karanta shi sau uku ba, bai kai ga ciro kuɗi ba tukuna.

Ga mai farawa, zaɓi biyu ne a gaba. Satifiket ɗin PSM I (Professional Scrum Master I) na cibiyar Scrum.org ba ya buƙatar halartar kwas. Tambayoyi 80 ne a minti 60, kuma sai ka ci kashi 85 cikin ɗari, wato amsa 68 daidai. Ku lissafa, daƙiƙa 45 ke nan ga kowace tambaya, babu lokacin buɗe littafi. Idan ka ci, naka ne har abada, ba a sabuntawa. CSM (Certified ScrumMaster) na ƙungiyar Scrum Alliance kuwa sai ka zauna kwas na awa 16 wurin malamin da suka amince da shi, sannan jarrabawa mai tambayoyi 50, a ci 37. Ya fi tsada saboda kwas ɗin, kuma duk shekara biyu sai an sabunta shi da kuɗi da ƙarin karatu. Amfaninsa shi ne malami da abokan tattaunawa. Mai iya karatu shi kaɗai, ni a ganina PSM I ya fi masa.

Kada sabon shiga ya doshi PMI-ACP, satifiket ɗin Agile na cibiyar PMI (Project Management Institute). Wannan na wanda ya riga ya yi aiki cikin tawagar Agile ne, domin suna neman shaidar ƙwarewa da awannin horo. Ya haɗa Scrum da wasu hanyoyin Agile irin su Kanban da Lean da XP, ana sabunta shi duk shekara uku. SAFe kuma, wani tsarin Agile, an gina shi ne don manyan kamfanoni masu tawagogi da yawa, kuma sabunta satifiket ɗinsa duk shekara ce. Idan inda kake nema ba sa aiki da shi, asara ce kawai.

To ta yaya za ka san wanda ya dace da kai? Ka tattara tallace-tallacen aiki kamar talatin na irin muƙamin da kake so, a ƙasar ko kamfanonin da kake hari. Ka ƙirga sau nawa aka ambaci kowane satifiket, da ko an ce wajibi ne ko kuwa ƙari ne kawai. Daga nan ka haɗa kuɗin kwas, na jarrabawa, na sake zama idan an faɗi, da na sabuntawa na shekara biyar. Mai sauƙi a yau yakan zama mai tsada a ƙarshe. Idan kana da aiki, ka tambayi shugabanka ko za su biya, don wurare da yawa suna da kasafin horo.

Sai abin da ya fi kayar da mutane. Haddar tambayoyin da aka sato ana sayarwa a intanet ha'inci ne, kuma ana iya soke satifiket a kansa. Ko an tsallake, hirar ɗaukar aiki za ta tona asiri. Mai tambaya ba ya son jin cewa zaman da tawagar Scrum ke yi kullum minti 15 ne, ya san ka haddace. Yana son jin yadda za ka yi idan zaman ya koma ba wa shugaba rahoto, ko idan aka cusa sabon aiki a tsakiyar zango, ko idan zaman waiwaye na ƙarshen zango ya zama na zargin juna.

Wannan amsar sai wanda ya taɓa yi. Don haka ku nemi wurin gwadawa tun kafin jarrabawa. Ku haɗa abokai huɗu ko biyar a kan ƙaramin aiki na gaske, ku jera ayyukan bisa muhimmanci a manhajar tsara ayyuka kamar Trello ko Jira, ku yi zango na mako biyu sau huɗu, kuna rubuta abin da kuka ɗauka da abin da kuka gama da dalilin giɓin. Sannan ku riƙa yin Scrum Open, gwajin jarrabawa na kyauta a shafin Scrum.org, har sai kuna cinye shi a kai a kai, kafin ku sa ranar jarrabawa.